Kafin a Tuhumi Kwamfuta, a Binciki Faifai

Ya zama al'ada a wurin masu gyaran kwamfuta, da ɗalibai masu sha'awar wannan fanni, idan aka zo girka babbar manhaja, Windows ce ko Ubuntu, aiki ya cije a tsakiya, ko na'urar ta ƙi tashi daga faifan tun fari, sai a gaggauta yanke wa kwamfutar hukunci, a ce tsufa ya cim mata, alhali kuwa sau da yawa illar tana kwance cikin faifan nan mai ƙyalli wanda babu wanda ya tuhuma.

Magabata masu kwafar littattafai da hannu ba su sakankancewa da kwafi sai an yi masa muƙabala da asali, kuma a ganina wannan ladabin ne ya kuɓuce mana. Masu Ubuntu suna wallafa lambar SHA-256 tare da kowane fayil na ISO, wato hoton faifan da ake bugawa, domin wanda ya sauke shi ya fitar da tasa ya gwada. In harafi guda ya saɓa, to fayil ɗin ya gurɓata a hanya, wataƙila intanet ce ta yanke, kuma ko faifai goma aka salwantar a kansa, aibin zai bi su duka.

Akwai kuma wanda zai ja fayil ɗin ya jefa cikin faifai tamkar waƙa. In ka buɗe faifan ka tarar da fayil guda tilo, maimakon tarin fayiloli barkatai, to wannan faifai ba zai tayar da kwamfuta ba har abada. Wajibi ne a zaɓi umarnin da ke buga ISO a matsayin hoton faifai, kamar yadda manhajojin ImgBurn da Brasero suke yi. Girma ma abin lura ne, domin CD megabait 700 yake ɗauka, DVD kuwa gigabait 4.7, kuma tun fitowar Ubuntu 12.10 a 2012 ba ta ƙara shiga CD ba.

Saura gaggawa, wadda ita ce ta fi ba ni takaici. Faifai mai araha, wanda aka buga da matuƙar gudu a na'urar da ƙura ta lulluɓe wa ido, yakan fito tas a zahiri, ga kuwa ɓarna a baɗini. A sassauta gudun zuwa 4x, a danna alamar tantancewa, wadda tun Windows 7 take nan a gaban mai bugawa. Wanda ya koma amfani da filash ya huta da ƙura da karcewa, amma gwada lambar ISO tana nan a wuyansa.