SIRRIN TALAKA BA TAKARDAR ƘUNSHIN ƘOSAI BA NE

Ran nan da safe muka tsaya bakin tasha muka sayi ƙosai, mai ƙosai ta yago takarda daga wani tuli da ke gefenta ta ƙunsa mana. Da muka gama ci muka duba takardar, sai ga hatimin wani asibiti, ga sunan wata mata da na mijinta, ga unguwarsu, ga shekarunta, a ƙasa kuma ga sakamakon gwajin jininta ɓaro-ɓaro. Ba za mu faɗi sunan asibitin ba, balle na baiwar Allah. Muka yayyaga takardar muka jefa a wutar mai ƙosan. Amma tulin yana nan, kuma kafin azahar an rarraba shi gida-gida.

Ku 'yan kasuwa ba sai an ba ku labari ba. Kun san inda takardun ƙunsa gyaɗa da tsire da kayan miya suke fitowa. Wani masinja ko mai shara ya kwaso su daga ɗakin ajiya, ya sayar a kilo, su biyo hannu-hannu har su iso rumfunanmu. A cikinsu akwai katunan asibiti, akwai takardun jarrabawar yara da sunayensu da makinsu, akwai takardun shiga makaranta masu hoto da lambar wayar uba.

To, jama'a, maganar da muke so mu yi yau ita ce: wurare biyu ne talaka ba shi da ikon ɓoye kome nasa, watau asibiti da makaranta. In ɗan talla ya tambaye ka lambar wayarka kana iya hana shi. Amma wanda ciwo ya kayar ba ya ciniki da mai ba da kati. Uban da ke neman wa ɗansa gurbi ba ya musu da hedimasta. Abin da aka tambaya duk sai ka faɗa: sunanka, gidanka, matanka nawa, me ke damunka, yaushe ya fara. Tun daga 2021 ma yaro ba ya rubuta jarrabawar JAMB sai da lambar katin ɗan ƙasa, wadda ake kira NIN. Abin da aka karɓa a hannun mutum sa'ad da ba shi da halin ƙi, wannan amana ce, amana kuwa mai nauyi.

Kowa ya san addu'ar talaka. Ba tarin dukiya yake roƙo ba, rufin asiri yake roƙo. Mai abinci da aka ji a gari tana karɓar maganin tarin fuka, ko da ta warke sarai, wa zai sake zama bencinta? Budurwar da aka ji tana da farfaɗiya, manema sai su ɗauke ƙafa. Matar da aka faɗa wa uwar mijinta abin da gwaji ya nuna tun ita kanta ba ta sani ba, kafin dare sai ka ji an miƙa mata takardarta. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, mai ɗauke da gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini saboda sikila. Ba mu ƙi dokar ba, rigakafi ya fi magani. Amma ma'anarta ita ce, yanzu sirrin kowane saurayi da kowace budurwa sai ya bi ta ɗakin gwaji. In bakin ma'aikacin wurin ba shi da linzami, an kashe aure tun ba a ɗaura ba. Magana kuwa zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Kada a ce sai an sayar da takarda ake tona asiri. Ku tuna yadda ake yi mana a layin ganin likita. Ɗaki ɗaya, majinyata biyu ko uku, ba ko labule, ana tambayar mace abin da ba za ta iya faɗa gaban 'yarta ba, na baya suna kasa kunne. Ku tuna makarantun da ke karanta sunayen waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba a gaban taron ɗalibai, ko su watsa jerin sunayen a zauren WhatsApp na iyaye, ko su tsai da marayu gefe guda don baƙo ya gani. Ku tuna kuma manyan da ke zuwa asibiti da buhun shinkafa ɗaya da masu ɗaukar hoto biyar. A ɗauki fuskar mai yoyon fitsari, a ɗauki yaron da yunwa ta rame, kafin su bar ƙofa hoton ya hau Facebook. Wa ya nemi izininsu? Sadakar da sai an tsiraita mai karɓa, wannan ciniki ce, kuma talaka ne aka yi wa rangwamen mutuncinsa.

Yanzu ga sabuwar masifa ta zamanin kwamfuta. Da can mai son ganin fayil ɗinka sai ya taka zuwa ɗakin kati. Yau kuwa ana kwashe bayanan mutum dubu cikin ƙiftawar ido. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Nijeriya kan Naira 100, har ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa, Bosun Tijani, don ta nuna wa duniya abin gaskiya ne. To, in na minista Naira 100 ne, na mai tura baro nawa ke nan? Sa'an nan ku duba shagunan kwamfuta inda ake yi wa yaranmu rajistar jarrabawa. Hotuna da lambobi da ranakun haihuwa suna nan jibge cikin na'ura, shekara da shekaru, ba mai tambayar inda suke zuwa. Da irin waɗannan bayanai ne 'yan damfara ke buga wa uwa waya, su faɗi sunan ɗanta da ajinsa daidai, su ce ya yi haɗari a turo kuɗi maza.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, ba doka aka rasa ba. Dokoki suna nan, sai dai an rubuta su da Turanci an ajiye a Abuja, ba wanda ya zo kasuwa ya karanta mana. Bari mu karanta muku da Hausa.

Tsarin mulkin 1999, sashe na 37, ya ba kowane ɗan ƙasa kariya a kan sirrinsa da na gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Bai ce mai kuɗi kaɗai ba.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 26, ta mai da duk labarin majinyaci sirri, da ciwonsa, da maganinsa, har da zamansa a asibitin. Ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko da umurnin kotu ko na wata doka, ko bisa neman uba ko waliyyi in yaro ne ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko kuwa in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Sashe na 29 ya ɗora wa shugaban asibiti tsare ɗakin da ake ajiye fayiloli, wanda ya saɓa kuma ana iya ɗaure shi har shekara 2, ko tarar Naira 250,000, ko duka biyu. A 2014 ɗin dai aka kafa dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau, wadda ta haramta bayyana matsayin mutum ba da yardarsa ba.

Sa'an nan a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar da ake kira NDPC. Wannan doka ta hau kan asibiti da makaranta, na gwamnati da na kuɗi. Ba su da ikon karɓar abin da ya wuce bukata, ko su yi amfani da shi a wani aikin da ba don shi aka karɓa ba, ko su riƙe shi bayan amfaninsa ya ƙare. Ta sa labarin lafiyar mutum da addininsa da ƙabilarsa da ra'ayinsa na siyasa cikin bayanai masu tsananin kariya. Inda ake bukatar yarda game da yaro, ta uba ko waliyyi ake nema. Mu a gida mukan ce shiru ma amsa ce, amma a wannan doka shirunka ba yarda ba ne. Kana da ikon ka nemi a nuna maka abin da aka rubuta a kanka, a gyara in kuskure ne. In bayanai suka ɓalle ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar cikin sa'a 72. Tara kuwa tana kaiwa Naira miliyan 10 ga manyan masu riƙe bayanai, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da suka samu a shekara, duk wanda ya fi yawa.

Hukumar ta nuna tana da haƙora, gama a 2024 ta yanka wa wani banki tarar sama da Naira miliyan 555. Madalla. Amma muna tambaya, yaushe haƙoran nan za su iso ɗakin kati na asibitin ƙaramar hukuma? Ko sai mai asusun banki ne ke da sirri?

Mun san manya sun san darajar rufin asiri, gama suna tsare nasu. A 2017 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi sama da kwana 100 a jere yana jinya a Landan, har ya dawo ba a faɗa wa 'yan ƙasa ciwon da ke damunsa ba. Ba likitan da ya yi magana, ba takardar da ta ɓalle ta zo kasuwa. Ba ƙorafi muke yi a kan wannan ba. Abin da muke cewa kawai, labulen da aka sakar masa a sakar wa mai sayar da daddawa, gama kunya ba ta san sarauta ba.

Kuma don Allah kada a sauke laifin duka a kan nas da akawun ɗakin kati. Da yawansu mutanen kirki ne, 'ya'yan talakawa ne kamarmu, mutum ɗaya yana aikin goma. Wanda ba a ba shi kabad mai makulli ba, ina zai kulle fayil? Wanda ba a taɓa koya masa dokar ba, yaya zai bi ta? A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin taron, ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Masu raba kuɗin su ne kan gaba wajen laifi.

Su kuma sani, ranar da talaka ya daina amincewa da asibiti, kowa zai ji a jikinsa. Mai tari zai ɓoye tarinsa ya yi ta yaɗa shi cikin motar haya. Mai ciki za ta ƙi awo. Mun ga abin da rashin yarda ya jawo sa'ad da aka dakatar da allurar shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta koma ƙasashen da da sun rabu da ita. Yarda in ta fashe, ɗinkinta sai an sha wuya.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, a fassara haƙƙoƙin nan da Hausa da ajami, a manna a ƙofar kowane asibiti da makaranta, a kuma riƙa karantawa a rediyo. Na biyu, a sa labule da ƙofa inda ake ganin likita, a ga mutum ɗaya-ɗaya. Na uku, tsofaffin fayiloli da takardun jarrabawa in lokacinsu ya cika a ƙone su gaban shaidu, kada a sayar. Na huɗu, a hana ɗaukar hoton majinyaci ko maraya ba da yardarsa ko ta waliyyinsa ba, ko wane ne mai ziyarar. Na biyar, maganar bashin kuɗin makaranta a yi ta da uba a ofis, a bar yaro ya yi karatunsa. Na shida, a buɗe hanyar kai ƙara da baki, cikin harshenmu, kusa da mu, domin wanda bai iya rubutu ba shi ma yana da mutunci.

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna da namu. Ya 'yan'uwa masu ƙosai da tsire da gyaɗa, in aka kawo muku tulin takarda ku duba. In kun ga hatimin asibiti ko sunayen yara, kada ku saya, ku kai wa sarkin kasuwa ya bi sawu. In ba mai saye, mai kwasowa zai bari. In aka miƙo muku takarda a asibiti ko makaranta aka ce ku dangwala, ku ce a karanta muku tukuna, ku tambaya me za a yi da ita, wa kuma zai gani. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Kada ku bar kofen katin ɗan ƙasa na yaranku a shagon kwamfuta, ku ce a goge a gabanku. In an tona muku asiri ku fara da shugaban wurin, in bai ji ba ku haɗu da shugabannin ƙungiyarku ku kai ƙara hukumar NDPC, kotu ma tana nan, dokar ta ba ku ikon neman diyya. In kuma kun haɗu da maƙwabci a layin karɓar magani, ku gaisa ku wuce, ku bar abin da kuka gani a can. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Matar nan da muka ga sunanta jikin takardar ƙosai ba ta san mun gani ba, ba ta kuma san ko mutum nawa suka karanta kafin mu ba. Ta je neman lafiya ne, ta faɗi gaskiyarta ga waɗanda ta amince da su. Yau ita ce, gobe tamu takardar ce za ta zo rumfar wani. Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya, amin.