Ra'ayinmu: Iska ce ke kayar da kurman jirgin biki, ba iskoki ba

A 'yan shekarun nan, ɗan ƙaramin jirgin nan maras matuƙi mai ɗauke da kyamara, wanda wasu ke kira kurman jirgi, ya tashi daga kasancewa kayan sojoji da manyan masu shirya fim, ya zama kayan sana'ar matasa masu ɗaukar hoton biki. Daga Yamai da Dosso da Birnin Kebbi ya gangaro har ƙasar Arewa, ta yadda a garuruwa irin su Dogondutsi da Tibiri da Geceme ba abin mamaki ba ne a ji yana ƙugi a saman taron ɗaurin aure, ko filin kokawa, ko hawan salla, musamman da kaka lokacin da aljihu ya ɗan yi nauyi. Wannan jarida ba ta ga laifin wannan sana'a ba. Matashin da ya haɗa kuɗin da za su iya saya masa ɗan maraƙi ko babur na hannu, ya sayi abin neman halaliyarsa, ya cancanci yabo.

Abin da ke damunmu shi ne abin da ke biyo baya a duk lokacin da jirgin ya rikito ƙasa, domin kuwa yana rikitowa. Kafin ƙura ta lafa, jama'a sun riga sun yanke hukunci. Wani ya ce baki aka yi wa yaron, wani ya ce jirgin ya ratsa ta saman wurin da ba a ratsawa, wani kuma ya rantse cewa da ma leƙen asiri aka zo yi. Shi kansa mai jirgin abin da yakan ce bai wuce "kayan yanzu ba su da ƙarko" ba, sai ya tsince tarkacensa, ya ci bashi ya sayo wani, ya koma ya maimaita ainihin kuskuren da ya kayar da na farko. Alhali kuwa ruwa ba ya tsami banza.

Idan za a iya tunawa, ko manyan kuramen jirage na soja da ake kashe wa miliyoyin daloli sun sha faɗuwa a nan Nijar. A watan Oktoban 2014 wani jirgin Amurka samfurin Reaper ya yi mummunar sauka a filin jirgin saman Diori Hamani da ke Yamai, sannan a watan Nuwamban 2018 irinsa na sojojin Faransa ya faɗi a kusa da birnin a kan hanyarsa ta komawa sansani. A can Italiya kuma, ranar 22 ga Disamban 2015, wani jirgin ɗaukar hoto na talabijin ya rikito a bayan ɗan wasan gudun ƙanƙara Marcel Hirscher na ƙasar Ostiriya, saura ƙiris ya sauka a kansa, duniya tana kallo kai tsaye. Kamfanin da ke da alhakin ɗaukar hoton ya bincika, ya bayyana cewa wani saƙon rediyo mai ƙarfi ne ya shiga tsakanin jirgin da matuƙinsa, hukumar wasan kuma ta hana amfani da jiragen a gasanninta a lokacin. Abin lura a nan shi ne an nemi dalili, an faɗe shi, an ɗauki mataki a kansa. Wannan ne muke so matasanmu da hukumominmu su koya.

Mu fara da batir, domin a ra'ayinmu nan ne ya kamata mai bincike a ƙasa irin tamu ya soma dubawa. Mu ɗauki samfurin DJI Mini 2, ɗaya daga cikin ƙananan jiragen da suka bazu a duniya saboda araharsu. Nauyinsa bai kai giram 249 ba, kuma kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta ƙarara cewa an yi shi ne domin ya yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 40 na zafi ba. To, duk wanda ya taɓa yin bazara a Geceme ya san cewa a watannin Afrilu da Mayu zafin la'asar kan zarce wannan. Ke nan tun kafin jirgin ya bar ƙasa an riga an tsallake iyakar da maƙerinsa ya shata. A haɗa da cewa an ɗauko batirin daga cikin jaka baƙa da ta wuni a rana a bayan babur, ko kuma yanzu aka cire shi daga caji yana huci. Iska mai zafi ba ta da kauri kamar ta sanyin safiya, saboda haka farfela sai ta ƙara gudu kafin ta ɗauki nauyin da ta saba ɗauka, injinan kuma su ƙara zuƙar wuta daga batirin da ya riga ya galabaita.

Minti 31 da aka rubuta a kwali, an auna su ne da sabon batir a wurin da babu iska. Tsohon batir kuwa yana iya nuna wa mai shi cewa da saura, amma da zarar an matsa masa lamba sai ƙarfinsa ya zube farat ɗaya. Alamarsa ba ɓoyayya ba ce: yana kumbura. Batirin da ya kumbura ba ya zama daidai a mazauninsa, girgiza kaɗan tana iya raba shi da wayoyin da yake ba wuta, jirgin ya mutu a sama ya faɗo kamar dutse. Abin takaici, mun san halin da ake ciki. Batir yana da tsada, ba a kuma samunsa a kasuwar ƙauye, don haka sai a ɗaure shi da roba a ci gaba da aiki. Haka nan al'adar cika shi taf a ajiye makonni ana jiran biki na gaba tana rage masa kwana, domin shawarar maƙera ita ce a ajiye shi da cajin da bai yi nisa da rabi ba.

Wannan batu na batir ya wuce asarar mai jirgi shi kaɗai. Batirin lithium da ya fashe ko ya huje yana iya kamawa da wuta, wani lokaci ba nan take ba, sai bayan 'yan mintoci. A gari irin Geceme da ƙauyukan da ke kewaye da shi, inda rumbunan gero da jinka da dangar kara da tarin harawa suke kafaɗa da kafaɗa, kuma lokacin bukukuwa ya zo daidai da lokacin da komai ya bushe, faɗuwar wannan ɗan abu a kan rumbu ɗaya ta isa ta cinye abincin shekara na gida guda ko fiye. Ga kuma yara da ke rugawa su riga kowa tsintar jirgin, su rungume shi ba tare da sanin abin da ke cikinsa ba.

Sai ƙura. Hazon hunturu da yashin da farfela ke tayarwa a lokacin tashi da sauka suna shiga cikin injinan nan huɗu, waɗanda a buɗe suke kuma akwai maganaɗisu a cikinsu. Inji ɗaya ya cije, jirgin ya kife, domin ba ya iya tsayawa da uku. Farfelar da ta taɓa bugun reshe ta yi ɗan tsagu ita ma haka take. Maganin wannan bai wuce shimfiɗa tabarma ko kwali a wurin tashi ba, da juya kowane inji da yatsa kafin a kunna.

Ita kuwa iska, wadda muka ambata a kanun wannan sharhi, tana yaudarar mutum ne saboda abin da ake ji a ƙasa ba shi ne ke sama ba. Cikin gari katanga da itatuwa suna tare ta, amma a tsawon mita 80 ko 100 babu abin da ke tare ta. Jirgin da muka ba da misali da shi an ƙayyade masa iskar da ba ta wuce gudun kilomita 38 a sa'a ba, iskar da ke share wa hadari hanya a farkon damina kuwa takan fi haka nesa ba kusa ba. Kuskuren da sababbin matuƙa suka fi yi shi ne su bi bayan iska wajen tafiya, jirgin na gudu suna murna, sai an zo dawowa ya zama yana kokawa da ita har batir ya ƙare a tsakiyar gonar wani.

Akwai kuma faɗuwar da ta fi ba jama'a tsoro, wato a ga jirgi ya ƙi bin umarnin mai shi, ya riƙa zagaye yana faɗaɗa da'ira, ko ya miƙe ya nufi wani wuri shi kaɗai. Irin wannan ce ake dangantawa da iskoki. Gaskiyar magana ita ce akwai kamfas a cikin jirgin wanda ke nuna masa gabas da yamma, kuma ƙarfe yana rikita shi. Wanda ya tayar da jirginsa daga kan mota, ko rufin kwano, ko daɓen siminti mai rodi a ciki, ko kusa da manyan lasifikokin biki, ya ba shi alƙibla ta ƙarya tun daga ƙasa. Idan kuma aka yi gaggawar tashi kafin ya kama isassun taurarin GPS, saboda ango ya fito ana ta sauri, to bai ma san inda ya tashi ba balle ya koma can.

Ko da ya san hanyar gida, da sauran rina a kaba. An tsara waɗannan jirage ta yadda idan sadarwa ta yanke za su hau zuwa wani tsawo da matuƙi ya saita, su miƙo kai tsaye zuwa inda suka tashi. Ƙananan samfurori da yawa ba su da idon ganin abin da ke gabansu. A kwarin Dallol Mawri, inda giginya kan kai mita 20 zuwa sama, ga kuma turakun sadarwa da suka fi kowace bishiya tsawo, wanda ya saita tsawon dawowa ƙasa da haka ya aika jirginsa ne ya yi karo da kansa.

Duk waɗannan ba sai an yi hasashe ba, kuma wannan ne abin da da yawa daga masu jiragen ba su sani ba. Manhajar da ke cikin salular da ake tuƙa jirgin da ita tana adana bayanin kowace tafiya: tsawon da ya kai, hanyar da ya bi, yawan taurarin da ya kama, yadda cajin batir ya riƙa sauka, gargaɗin da ya bayar, har da yadda matuƙi ya motsa yatsunsa. Sau da yawa idan aka buɗe wannan kundi sai a tarar jirgin ya yi ta gargaɗin iska ko ƙarancin caji, mai shi yana dannewa yana cewa bari dai amarya ta shiga mota. Tarkacen ma shaida ne. Ko batir yana mazauninsa ko ya yi tsalle gefe, wace farfela ce ta karye kuma ta ina, wane inji ne ya ƙi juyawa, duk suna magana ga wanda ya natsu ya duba kafin ya zuba su cikin buhu.

Babban dalilin da ya sa muka ga ya zama wajibi mu yi wannan tsokaci shi ne halin tsaro. Geceme tana cikin gundumar Tibiri, wadda aka cire daga Dogondutsi a shekarar 2011, kuma ba ta da nisa da iyakar Najeriya. A wannan gunduma ce, a watan Yunin 2024, 'yan bindiga suka kashe sojoji 6 da ke gadin bututun man da ke kai ɗanyen mai daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin. Kowa ya kuma san cewa ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a Sahel da yankin tafkin Chadi sun koma amfani da irin waɗannan ƙananan jirage na kasuwa wajen leƙen asiri da kai hari. A matakin ƙasashe ma, jirgin Mali da Aljeriya ta harbo a kusa da Tinzawaten a daren 31 ga Maris zuwa 1 ga Afrilun 2025 ya jawo taƙaddamar da ta kai Mali da Nijar da Burkina Faso suka kira jakadunsu gida. A irin wannan yanayi, jirgin da ya kuɓuce wa mai shi ya faɗi kusa da shingen jami'an tsaro, ko a ƙauyen da ba a san da zuwansa ba, yana iya jefa matashi mai neman na tuwo cikin tuhumar da zai daɗe bai fita ba, in ma bai faɗa hannun fusatattun jama'a ba tun kafin hukuma ta iso. Kundin tafiyar da ke cikin salularsa shi ne babban mai ba shi shaida a ranar, don haka goge shi ko sakaci da shi ganganci ne.

Saboda haka muna kira ga masu wannan sana'a da su daina tayar da jirgi a gari ba tare da sanar da maigari da jandarmomi ba, su kuma daina shawagi a daidai saman kawunan jama'a da rumbuna, ko da mai biki ya matsa. Ya kamata su haɗa kansu cikin ƙungiya ko da ta mutum goma ce, inda wanda jirginsa ya faɗi zai kawo salularsa a duba tare maimakon ya ɓoye don kunya.

A Najeriya, tun a watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ta hana tayar da irin waɗannan jirage sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Amma takardar da sai an je babban birni ake samunta ba ta cika isowa ga mai ɗaukar hoton biki na karkara ba, sai dai ta mayar da shi mai aiki a ɓoye. Muna roƙon hukumar ANAC ta nan Nijar da ta fassara ƙa'idojinta da Hausa da Zabarmanci, a karanta su a gidajen rediyon karkara, sannan a buɗe rajista mai sauƙi a ofishin gundumar Tibiri da na Dogondutsi, inda za a rubuta sunan mai jirgi da lambar jirginsa, a kuma liƙa lambar salularsa a jikin jirgin.

Su kuma iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, muna fatan za su sa sanƙira ya sanar cewa duk wanda ya ga irin wannan jirgi ya faɗo, kada ya taɓa shi, ya kori yara daga wurin, in ya ga hayaƙi ya watsa masa yashi daga nesa, sannan ya kai rahoto wurin maigari.