Dokar Iri Ta Bi Mai Leda, Ta Ƙyale Mai Rumbu

Cikin duk abin da manomi ke saye domin gonarsa, babu wanda yake saye a makance kamar iri. Ƙwayar masarar da aka rina ja aka ɗura a leda ba ta nuna halinta sai an binne ta, wani lokaci ma sai ta yi goyo. Kafin nan ruwan shuka ya wuce, kuɗin huɗa da na taki sun tafi. A ƙasar da yawancin manoma damina ɗaya suke jira, jabun iri na nufin shekara guda ta salwanta. Shi ya sa nake ganin dokar Majalisar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019 a madadin dokar soja ta 1992, ta zo a kan gaɓa. Ta wajabta wa mai cinikin iri yin rajista, ta kuma tanadi tarar naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara guda ga wanda aka kama karon farko, a ninka masa idan ya sake.

Matsalar ita ce inda dokar ke tsayawa. Ingantaccen iri yana da silsila: masu bincike a cibiyoyi irin ta Samaru da ke Zariya, masu irin masara na SAMMAZ da irin wake na SAMPEA, su ne tushe, daga nan a yaɗa shi a gonakin da jami'ai ke dubawa, a gwada tsirarsa kafin a ba shi shaida. Mai algus yana tsallake duk wannan. Tsabar ci yake auna a kasuwa, ya rairaye, ya rina, ya buga suna a leda. Majalisar ta fito da SEEDCODEX, lambar da manomi zai kankare ya tura ta waya a tabbatar masa, kuma dabara ce mai kyau. Sai dai amfaninta ya rataya ne a kan sanin manomi, ga shi kasuwar ƙauye ba ta cika ganin jami'in iri ba. Dole a yi ta shelar lambar a rediyo kafin saukar ruwa, jihohi kuma su sa malaman gona cikin aikin sa ido. Gwamnatocin da ke sayen iri da yawa don rabawa su ma su daina karɓar wanda ba shi da shaida, domin kwangilar gaggawa ita ce ƙofar da tsaba ta fi shigowa da sunan iri.

Akwai masu cewa dokar za ta ƙara wa iri tsada. Gaskiya ne gwaji da duba gona suna cin kuɗi, amma kuɗin iri kaɗan ne idan aka kwatanta da na taki da ƙwadago, waɗanda duk suke bin ruwa idan irin bai yi ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina shi ne tsoron kada a wayi gari manomin da ya ware zangarniyar geronsa mafi kyau, ya auna wa maƙwabci tiya ɗaya, ya zama mai laifi. Tsoron yana da tushe, musamman bayan dokar kare haƙƙin masu ƙirƙirar iri ta 2021. Mafi yawan gero da dawa da waken da ake shukawa a Arewa daga rumbu suke fitowa, kuma sun saba da ƙasarsu da ruwanta. Wanda ya karɓi iri a hannun maƙwabci ya ga gonar da ya fito da idonsa, ya kuma san gidan da zai kai ƙara. Mai sayen leda ba shi da ko ɗaya, don haka shi ne mai buƙatar kariyar hukuma. Ya kamata majalisar ta fayyace wannan iyaka a ƙa'idojinta da Hausa, ta kuma buɗe hanyar da manomin da aka cuta zai karɓi diyya daga kamfanin, tunda tarar da ake ci baitulmali take shiga.