Kyautar Nobel Ba Ta Ce Yunwa Maganin Ciwon Daji Ce Ba

Duk lokacin da azumi ya gabato, sai wani saƙo ya sake zagaya wayoyin jama'a: wai wani masanin Japan ya ci kyautar Nobel don ya tabbatar yunwa tana kashe ciwon daji. Masanin gaskiya ne, kyautar ma haka, amma abin da aka jingina masa ƙari ne mai haɗari. Yoshinori Ohsumi ya samu kyautar a 2016 saboda ya bayyana yadda ƙwayar halitta ke sake sarrafa kayan cikinta da suka lalace, aikin da masana ke kira otofaji. Kuma a kan yis ya yi binciken, ba a kan majinyata ba. Ya hana ƙwayoyin yis abinci, ya zuba musu ido ta madubin ƙara girma, cikin 'yan sa'o'i sai ga ƙananan jakunkuna sun cunkushe a ma'ajiyar kowace ƙwaya. Ya wallafa wannan a 1992, a 1993 kuma ya gano ƙwayoyin gado 15 masu tafiyar da aikin.

A jikinmu, wata siririyar fata ce ke naɗe furotin da ya lalace ko sashen ƙwaya da ya tsufa, ta miƙa shi ga lisosom, jakar da Christian de Duve na Beljiyam ya gano. A nan ake narkar da shi a sake gini da shi, kamar yadda maƙeri ke mayar da tsohuwar fartanya sabuwar wuƙa. Sai dai wannan baiwa ba ta zaɓar mai amfana da ita. Kafin ciwo ya kama, tana kare jiki: ɓerayen da aka rage wa ƙwayar gadon Beclin 1, mai taimaka wa otofaji, sun fi saurin yin ƙari. Amma idan dajin ya riga ya kafu, shi ma da ita yake rayuwa a inda jini da abinci suka yi ƙaranci, musamman dajin gaɓar ciki da ake kira fankiriyas. Shi ya sa likitoci suka gwada dangin kulorokwin, maganin zazzaɓin da muka sani, don toshe otofaji a jikin masu cutar.

Mai ja zai ce ai an ga yunwa tana ƙara otofaji a jikin dabbobi. Haka ne, amma auna ta a jikin mutum mai rai yana da wuya ƙwarai, don haka alƙaluman sa'o'in da ake yaɗawa ba su da tushe mai ƙarfi. Wani zai ce mene ne laifi tunda saƙon yana ƙarfafa ibada? Laifin yana kan majinyacin da zai jinkirta zuwa asibiti har ciwo ya bazu, alhali addinin da kansa ya sauƙaƙa wa mara lafiya. Azumi umarni ne da ba ya jiran shaidar kwamitin Nobel, mai ƙari a jiki kuwa gwaji da magani yake buƙata tun da wuri.