Ilimin zamani: Kafin a amince da lissafin na'ura, a auna mai awon

A wannan sati za mu tattauna a kan wani aiki da ake yi a ɓoye cikin kwamfuta, wanda ɗan kasuwa da ma'aikaci ba su ganin sa, amma in aka ƙi yin sa su ne ke biyan kuɗin ɓarnar.

Wani attajirin hatsi a Tasawa ya sa ɗan ƙanensa, ɗalibi a Maraɗi, ya rubuta masa manhajar riƙe lissafin bashi. Yaron ya san aikinsa: ya san a kasuwa da dala ake magana, a takarda kuwa da tamma, kuma dala ɗaya tamma 5 ce. Saboda haka a sashen sayarwa ya sa na'ura ta riƙa ninka kowace dala sau biyar. Bayan watanni ya ƙara sashen biyan bashi, ya mance da ninkin. Ranar da wani abokin ciniki daga Mayahi ya kawo dala 40.000, wato jika 200, na'ura ta rubuta masa tamma 40.000, ta ce saura jika 160 a kansa. Mutane biyu da suka shekara ashirin suna hulɗa ba da takarda ba suka tayar da jijiyar wuya a bainar jama'a. Ba don tsohon kayen da magatakarda bai daina rubutu a ciki ba, da amana ta mutu a banza.

Kada a ce ƙuruciya ce. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter saboda irin wannan kuskure: wani sashe na manhajar yana ba da lissafi da tsohon ma'aunin Amurka, ɗayan yana karɓa da zaton ma'aunin mita da kilo ne. Dala da tamma ke nan, sai dai a sararin sama.

Maganin da masana suka fito da shi shi ne gwajin ƙananan sassa. Manhaja ba dunƙule ɗaya ba ce, sassa ne da yawa, kowane da aikinsa. Ga kowane sashe mai rubutu yana tanadar ƴar tambaya wadda an riga an san amsarta. In aka ba ka dala 200, tilas ka ce tamma 1.000. In aka ba ka kayan jika 100, harajin TVA na kashi 19 cikin 100 jika 19 ne. In aka ba ka buhun gero mai tiya 40 aka ɗebe 15, saura 25. Na'ura tana bi ta kan ɗaruruwan irin waɗannan tambayoyi cikin ɗan lokaci. In duka sun yi daidai ta nuna kore, in ɗaya ta kauce ta nuna ja, ta faɗi inda ɓarakar take.

Shirin aikin kuwa matakai uku ne, kuma tun ran gini ran zane. Na farko, a buɗe dosiye biyu tun ranar da aka fara: ɗaya na manhajar kanta, wanda aka saba kira src, ɗaya na gwaji, mai suna test. Ba a haɗa su, kamar yadda manomi ba ya zuba iri cikin hatsin ci. Kowane sashe a dosiyen farko ya kasance yana da takwaransa a na biyu, don wanda ya gaji aikin ya san inda zai duba. Na biyu, a shigo da akwatin kayan gwajin da ya dace da harshen da ake rubutu da shi. Masu harshen Java suna da JUnit, wanda Kent Beck da Erich Gamma suka rubuta a 1997. Masu harshen Python suna da unittest, da ke zuwa tare da harshen, ko pytest, wanda ke nemo da kansa duk takardar da sunanta ya fara da test_. Duka kyauta ne, ba a biyan ko dala. A rubuta sunan akwatin da lambarsa a takardar shirin aikin, don wanda zai ci gaba a wata kwamfuta ya ɗauko irinsa daidai. Na uku, gwaji ya yi aiki da lissafin ƙirƙira, kada a taɓa haɗa shi da littafin bashi na gaske. Daga nan duk sa'ad da aka taɓa layi ɗaya, a sake gwajin gaba ɗaya, domin sau da yawa gyaran yau ne ke karya aikin jiya.

Wani zai ce wannan zancen masu rubutun manhaja ne, ina ruwan mai shago? Ruwanka ne, Alhaji, tun da kuɗinka ne a ciki. Ba sai ka iya karanta harshen na'ura ba. Kai da ba ka karɓar awon tiyar da ba ka sani ba sai ka gwada ta da taka, me zai sa ka karɓi lissafin da ba a gwada a gabanka ba? Haka kai ma'aikacin da aka ba aikin karɓar manhajar haraji ko ta albashi, a Tasawa ne, ko Mayahi, ko Kanambakashe: kafin ka sa hannu a takardar karɓa, ka ce a nuna maka dosiyen gwaji, a tayar da shi kana kallo. Ka kawo lissafi uku daga tsohon rajista waɗanda ka tabbatar da amsarsu, ka ce a mayar da su tambayoyi a ƙara a ciki. Mai aikin gaskiya zai yi murna da haka. Wanda ya ce babu lokaci, ka tambaye shi wa zai biya in lissafi ya kauce.

Yaron nan na Tasawa ya koma ya buɗe dosiyensa na biyu, kuma tambayar da ya fara rubutawa ita ce ta dala 200. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.