Fadar Ingila da alƙalamin mata: wa ake ɗaukaka, wa ake kora?

Kowa ya san sunan Diana, amma kaɗan ne suka san cewa a cikin danginta akwai wata tsohuwa, Barbara Cartland, wadda ta rubuta littattafai fiye da 700, galibinsu na soyayya. Ɗiyarta Raine ce ta auri mahaifin Diana a 1976. Ke nan Cartland kaka ce ga Diana, ko da yake ba ta jini ba. Tun tana budurwa Diana ke haɗiyar littattafan tsohuwar, waɗanda kusan hanya ɗaya suke bi: yarinya mai kunya ta gamu da basarake, a sha wuya kaɗan, a ɗaura aure, littafi ya ƙare. A 1981 Diana ta auri Yarima Charles kamar yadda littafi ya tsara. Mutuwar auren a 1996 kuwa ba ta cikin kowane shafi. Ita Cartland, a 1991 Sarauniya Elizabeth ta ba ta lambar girma ta Dame, wadda take daidai da Sir ga maza.

To, mu dubi wata mata da ba ta samu wannan gata ba. Marion Crawford malama ce ƴar Sikotlan, ita ta yi renon Elizabeth da ƙanwarta Margaret, ta karantar da su fiye da shekara 15, har ta jinkirta aurenta saboda hidimarsu. A 1950 ta fitar da littafi kan ƙuruciyar yaran biyu. Babu zagi a ciki, babu tonon asiri, yabo ne da ƙauna irin ta mai reno. Duk da haka fada ta juya mata baya, ba a ƙara yi mata magana ba. Ta rasu a 1988 a Aberdeen, ko furen ta'aziyya gidan sarauta bai aika ba. Ma'aikacin da ya taɓa ganin yadda ake manta hidimar shekaru saboda takarda guda, ya san ɗacin wannan.

A ganina, ma'aunin fada ɗaya ne: shin marubuciyar ta ga cikin gida? Cartland ta sayar wa duniya mafarkin auren basarake, mafarkin da sarauta ke cin moriyarsa, sai aka saka mata. Crawford ta faɗi abin da idonta ya gani, kuma wanda ya faɗi mai daɗi yau, ana tsoron gobe ya faɗi maras daɗi. Za a ce ta ci amana, tunda uwar yaran ba ta yarda ba. Akwai gaskiya a nan, amma hukuncin ya fi laifin nauyi nesa ba kusa ba.

Ko mai gidan kanta ba ta tsira ba. Sarauniya Victoria marubuciya ce, ta buga littafi daga kundin rayuwarta a 1868, aka yi ta sayensa. Da ta rasu a 1901, autarta Beatrice ta shafe kusan shekara 30 tana kwafe kundin, tana cire abin da take ganin zai ɓata sunan gida, tana ƙona na asali. Ta bar kundi 111. In ban da na ƙuruciyarta, yawancin abin da masana tarihi ke karantawa da sunan Victoria, da hannun ɗiyarta aka rubuta shi.