A Tambayi Mai Rumfa Kafin A Kafa Rumfa

Duk wanda ya taɓa zama cikin rumfar kwano da azahar a watan bazara ya san abin da za mu faɗa yau. Kayan miya su yanƙwane, man gyaɗa ya yi zafi, mai rumfa ya kwashi tabarmarsa ya koma gindin bedi. Haka 'ya'yanmu suke a ajin makaranta: sama kwano, gefe bulo, taga ɗaya, malam na gumi, yara na gyangyaɗi. In an yi magana sai a ce zafin ƙasarmu ne. Mu kuwa mun ce rabin zafin nan a takarda aka zana shi, tun ba a haƙa harsashi ba.

Gini yana da mai zane, kamar yadda riga ke da maɗinki. Shi ke yanke inda ƙofa za ta duba, da tsawon bango, da inda iska za ta bi. Mu nan Dutsi da ƙasar Daura ɗan kwangila kaɗai muke gani da tifarsa. Mai zanen ba mu san sunansa ba, shi ma bai san namu ba.

To, ga labarin wata mai zanen gini daga Nijar, maƙwabtanmu, don jama'a su ga ana iya yin abin da kyau. Sunanta Mariam Issoufou, an haife ta a 1979. Da fari ilmin kwamfuta ta karanta a Amurka, har ta yi shekaru tana cin abinci da shi. Sai ta ajiye, ta koma makaranta ta koyi zanen gini a Jami'ar Washington, ta gama a 2013. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai. Aikin da ya fara fito da sunanta gidaje ne da ita da abokan aikinta suka gama a Yamai a 2016, da tubalin jar ƙasa wanda ake matsewa da inji.

Amma aikin da ya shafe mu yana Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa. Tsohon masallacin garin na ƙasa ya tsufa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, inda yara da mata da manya ke shiga neman ilmi, suka gina sabon masallaci kusa da shi mai cin mutum wajen 1,000. Maginan gargajiya na yankin suna cikin aikin, da ƙasar wurin aka yi tubalin. An gama a 2018.

'Yan kasuwa, ku saurara nan. A shekarar dai ta zana kasuwar Dandaji. Da can mako-mako take ci, gindin wata tsohuwar itaciya. Ba ta sare itaciyar ba, sai ta bar ta a tsakiya ta zama dandali, ta jera rumfuna 52 na tubalin ƙasa, ta kafa inuwoyi na ƙarfe masu launi, wani sama da wani, iska na ratsawa. Aka shirya ta don ta riƙa ci kullum. A 2022 wata babbar jami'a ta Zurik a ƙasar Suwizalan ta ba wannan mata kujerar farfesa. Ga Turawa na koyon ginin ƙasa a wurinta, ga mu muna jin kunyarsa.

Ai wannan sana'a tamu ce tun kaka da kakanni. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim, da ƙasa da azara, har yau masana na zuwa kallon bakan gizonsa. Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara masallacin Yama a 1962, a 1986 duniya ta ba ginin lambar Aga Khan. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta ƙasa ce, cikinta Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. In ɗakin ƙasa ya isa ya yaye Firayim Minista, ɗan talaka bai fi ƙarfinsa ba.

Mun san abin da za a ce mana: ginin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara, damina kuma tana rushe shi. Gaskiya ne, mun binne 'yan'uwa da bango ya faɗa wa. Amma maganin wannan sananne ne: harsashi na dutse da siminti, tubali matsattse da aka sa wa ɗan siminti, rufi mai baki da indararo mai kai ruwa nesa da bango. Bango mai kauri yana shanye zafin rana, sai dare ya sake shi. Masu mulki sun san haka. Abin da ya sa suka fi son bulo da kwano, lissafinsu ya fi daɗin kumburawa a takardar kwangila.

Saboda haka ga abin da muke nema, kowane reshe ya kai shi taronsa. Na ɗaya, kafin a kafa rumfa ko aji ko ɗakin shan magani, a kawo zanen a baje shi gaban masu amfani da wurin, a bayyana musu da Hausa, mai tumatir da mahauci da mai koko kowa ya faɗi nasa. Na biyu, a rubuta sunan mai zane da na ɗan kwangila da yawan kuɗin a allo, a kafa bakin aikin. Na uku, a ɗauki maginanmu, kowane da yaransa masu koyo. Na huɗu, hukuma ta ɗauki nauyin 'ya'yan talakawa, maza da mata, su karanto zanen gini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, su dawo su yi mana aiki.

Kuɗin ginin nan harajinmu ne da kuɗin rumfa da ake karɓa hannunmu ran kasuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a da alkawarin kasuwa ta zamani, ku ce ya nuna muku zanen tukuna.

Allah ya ba talaka sawaba.